Gurbin da Ke Idona na Hagu

Sunana Gintautas. Shekara ashirin da shida
ina riƙe da makullin ɗaki na sha huɗu,
can ƙarƙashin ƙasa, a wata jami'a a Vilnius,
inda ba taga, ba a sanin hantsi daga la'asar,
sai gurnanin injin sanyi da kofin da ya huce.

Duk Satumba sababbi kan sauko,
takalmansu jiƙe da ruwan kaka,
kowa da takardar da ya sa wa hannu a sama:
na karanta, na fahimta, na yarda.
Takarda ba ta da ido. Me za ta rasa?

Sai in ce su zauna. In rufe idona na dama.
In ce da ta gaba: Raminta, yi murmushi.
Ina ganin gashinki, ina ganin haɓarki,
tsakiyar fuskarki kuwa babu,
kamar an dangwala yatsa mai toka a gilashi.
Haka idon nan ke ganin 'yata tun tana shekara uku.
Dariya ta ɗauke.

Daren Laraba ne, ni kaɗai, sha ɗaya ta gota.
Maigidana yana taro a wata ƙasa,
ya bar saƙo: sakamako kafin Litinin.
Tabarau ya yi gumi, ya hana ni ganin kusar madubi,
na tura shi goshi. Minti ɗaya ne, na ce.
Lezar nan haskenta ba ya ganuwa,
ba ja, ba kore, ba ya sallama.
Ya daki zoben aurena ya yi kwana.
Ban ji zafi ba. 'Yar ƙara ce kawai, ƙas,
kamar an fasa ƙwarƙwata a cikin kaina.
An ce gani ya kori ji.
Ni ji ne ya kori gani.

Likita ta leƙa, ta jima, ta ce ba ya tsirowa.
Kwamiti ya zauna ya rubuta: sakacin ɗalibi.
Ba wanda ya tambayi wa ya liƙe maɓallin ƙofa da salatif
tun kafin zuwana,
ko wa ya taɓa tsayawa a bayana yana kallon hannuna.

Yanzu akwai kwano a bakin ƙofa.
Zobe, agogo, sarƙa, a zuba.
Ba mai sunkuyawa har ido ya yi daidai da tebur.
Tabarau ba ɗaya ba ne, karanta lambar gefensa,
na kore ba ya tare wanda ba a gani.
Mutum biyu ko a fasa.
Takwas na dare makulli ya shiga aljihuna,
ku zage ni a bas, na ji, na yafe.
Wata shida nake tsaye a kafaɗar sabon shiga
har numfashina ya gundure shi.
Ga kuma littafi mai shuɗin bango
da ake rubuta duk wani saura ƙiris,
ba suna, ba horo. Ya kusa cika, kuma hakan nake so.

Jiya fitilar ƙofa tana ja,
Farfesa Vaidotas ya sauko da baƙi biyu, yana sauri,
ya kama mariƙi.
Raminta ta tare ƙofar. Ba ta ce komai ba,
kwanon kawai ta miƙa.
Ya dube ta, ya dube ni. Ni na dubi silin.
Can na ji agogonsa ya faɗa, ƙwal.

Da yamma a kan gadar Neris dusar ƙanƙara ta fara.
Na rufe idon dama, sabo ne.
Fitilar titi ta ɓace.
Na buɗe. Tana nan.