Abin da Mafici Ya Rufe

Ranar Talata aka kawo ta kwance cikin akwatin katako,
maza huɗu na haki a kan matattakala,
dusar ƙanƙara na narkewa a kafaɗunsu.
Na sa hannu a takarda: Ulrike Amalie von Brackelow,
fentin mai a kan ƙyallen lilin, shekara ta 1764.
Mai zanen ya bar haruffa biyu a kusurwa,
sauran sunansa tarihi bai riƙe ba.

Ni sana'ata wanke fuskokin matattu.
Auduga a bakin tsinke, ruwan magani kaɗan,
faɗin farce ɗaya kafin rana ta yi tsaka.
Hayaƙin kyandir, kashin ƙuda, tokar murhu,
duk suna biyo audugata da launin tsohuwar zuma.
Rigar da kowa ya rantse koriya ce,
ashe shuɗiya ce, shuɗin kogin Elbe da asuba,
wanda jikokin jikokinta ba su taɓa gani ba.

Kin ji jiki, uwar gida.
An tara gashinki kamar hasumiya, an barbaɗe da garin alkama
a shekarar da manomanki ke cuɗa burodi da dusa.
An ɗaure ƙugunki har numfashi sai da izini.
Lu'ulu'u goma sha tara a wuya, na ƙirga,
na ƙarshe ɗigon fari ne kawai, aikin mai sauri.
Bakinki ya ɗauko murmushi, sai ya fasa.
Mako uku ina zaune gaban wannan baki,
ban gano abin da ya tare shi ba.

Sai ranar da muka haska ki da na'urar hoton ƙashi.
Ƙarƙashin maficin hauren giwa, a hannunki na hagu,
ga wani hannu, ɗan mitsitsi,
ya damƙe miki yatsa
irin damƙar yaron da ya ga baƙo.
Sama da shi, inda labulen karan-miski ya zubo,
inuwar kai, da kunne ɗaya.
Joachim, abokin aikina, ya ajiye kofinsa
bai kurɓa ba.

Na hau jirgin ƙasa zuwa ƙauyenku.
Littafin coci na warin gansakuka, tawada ta koma ja:
Kaspar Leberecht, shekara uku da wata biyu.
Agana. Watan Maris.
Layi ɗaya tak, tsakanin matar maƙeri da wani soja.
Na fita neman kabarin a cikin ruwan sama,
ban same shi ba.

Wa ya ce a shafe?
Mijinki ne, don kada baƙi su yi tambaya a kan abinci?
Ko ke ce kika kira mai zanen da dare,
kika ce, ba zan iya wuce shi kowace safiya ba,
sa mini wani abu a hannun, ko mene ne?
Fenti yakan yi shekara kafin ya bushe sosai.
Yaron bai jira ba.

Shugaban gidan tarihi ya ce in kankare maficin:
jama'a za su yi layi har bakin titi.
Na ɗauki askata, na sunkuya, na riƙe numfashi,
nan ne na lura:
mai zanen ya rufe yaron kaf,
amma yatsanki ya bar shi yadda yake, a lanƙwashe, ya yi ƙasa,
kamar har yanzu ana jan sa.
Ba haka ake riƙe mafici ba.

Na mayar da aska cikin kube.
Ni ma akwai aljihun tebur a gidana,
makullinsa na wuyana, ba na buɗewa.
Na shafa miki sabon man ƙyalli, na wanke burushi,
na rubuta a rahoto: an tsabtace, an bar sauran.
Gobe za a rataye ki kusa da taga,
masu yawon kallo su yaba shuɗin rigarki su wuce.
Riƙe abinki, Ulrike.
Ban saki hannunsa daga naki ba.