Warin Hayaƙi

Sanyin bara ya cinye mana tumaki ɗari uku da bakwai,
sai Baba ya naɗe tanti, muka gangaro Ulanbator.

Kujerata ce ta ƙarshe, jikin taga.
Da na shigo, Anujin kan ja gyalenta zuwa hanci.
Ba ta cewa komai.
Na sani, hayaƙin kwal ne, ya bi ni har cikin littafi.
Sau uku na wanke rigar nan jiya,
da ruwan da na turo a jarka daga gindin tudu.

Suna hirar abin da ke cikin wayoyinsu,
ina dariya a makare,
kamar mai tafi bayan makaɗi ya tafi.

Ni da nake gane doki marar lafiya daga takunsa!
Wa zai tambayi wannan a jarrabawa?

Yau Dulgun ya manta safar hannu,
yatsunsa suka yi fari fat a bakin ƙofa.
Na ce, "Cusa su a hammata, kar ka murza."
Ya cusa. Ya dube ni.
"Wai ya ma sunanka?"

Wata biyar ke nan.
Na faɗa masa a hankali, kada ya zube.