Yatsa a Wuyan Tulu

Shekara tara ina koyar da tarihi a Maiwurno.
Alli ya cinye mini farce.
Na zana daular Funj a allo har hannuna ya haddace ta,
yara su kwafa, su rera,
su zubar a bakin ƙofa kamar ruwan wankin hannu.

Ran Talata muka cika motar Babikir,
su talatin da ɗaya, da ni, da kwandon kisra,
muka bi gefen kogi zuwa Sinnar.
Kafin mu hango madatsar ruwa
Muddassir ya yi amai sau biyu.

Gidan tarihin ɗaki uku ne, fanka ɗaya ke juyi.
Sitt Awadiyya mai kula da shi
ba ta fara da shekara kaza ba.
Ta tsaya gaban wani tulu mai karyayyen baki
ta ce, ku matso, ku gaya mini abin da kuka gani.

Shiru.
Ni na saba musu da amsa a baki, kamar 'yan tsaki.

Sai Harira,
wadda ba na jin muryarta sai wajen kiran suna,
ta ce, akwai yatsa.
Muka duƙa. Ga shi kuwa a ƙasan wuya,
inda aka danna yumɓu tun yana ɗanye,
wuta ta zo ta gasa shi, ta riƙe.
Ta ɗaga nata kusa da gilashi ta gwada.
Ta ce, mace ce, kuma bahaguwa,
haka kakata ke tallafe tulu in tana gini.

Sitt Awadiyya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.
Ta ce, da me za ki tabbatar?

A ɗaki na biyu na nemi Muddassir na rasa.
Yana can gindin tsohuwar sagiya,
shi da lissafi ke kayarwa kowane zango,
yana ƙirga tukwanen da ke ɗaure da igiya.
Goma sha shida. In sa ya zagaya sau ɗari fa?
Ya tsuguna yana zane a ƙasa da tsinke,
har muka ci kisra bai ɗago ba.

Ban ba da aikin gida ba.
Amma ran Lahadi sai ga kaya a kusurwar aji:
laujen da ya lanƙwashe,
kwabo mai huda a tsakiya,
wata gora baƙa ƙirin da shan hannu.
Tijjani ya ce kakan babansa ya rato ta daga Haɗejiya
da ƙafa, da niyyar Makka,
damina ta tare shi a nan, ya yi shuka, ya zauna.

Suka ce kowane kaya sai an yi masa takarda
kamar yadda suka gani a Sinnar.
Nan rigima ta tashi.
Wace shekara? Wa ya faɗa? Shi a ina ya ji?
Aka tura mutum uku wurin tsohuwar gidan su Tijjani,
suka dawo da labari biyu da ba su haɗu ba,
da dabino a aljihu.

Harira ce ta riƙe alƙalami.
Ina leƙe ta bayan kafaɗarta.
Ta rubuta: Gorar ruwa. Daga yamma ta zo.
Ta daɗe tana cizon murfi,
sannan ta ƙara a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
Shekara, ba mu sani ba tukuna.

Shekara tara ina gaban allon nan
ban taɓa rubuta wannan jimla ba.
Da aka tashi na zauna ni kaɗai ina dubanta,
har maigadi ya zo da makulli.