Telan da Bai Iya Zura Zare Ba

A tsohuwar maƙabartar Turawa ta Jos,
inda ciyawa ta fi dangi zuwa ziyara,
akwai dutsen da ya karkace kamar haƙorin tsohuwa.
'Yata Zulai ta kankare gansakuka da makullin shagona,
ta karanta: Taylor.
Na ce, sake faɗi.
Ta ce, Baba, tela ne, irinka.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Ai wannan ne Baturen kuza
da kakana Jatau ke ɗinka wa gajeren wando a Bukuru,
kaki mai aljihu huɗu.
Maɓalli ɗaya in ya tsinke,
sai ya taso yaro a keke, ko ana ruwa.
Mutumin da bai san ta inda allura ke shan zare ba,
ashe sunan tela yake amsawa!

Zulai ta zauna a gefen kabarin, ta naɗe ƙafa.
Ta ce zancen ya haura shekara ɗari bakwai.
Kalmar ma ba haifaffiyar gidansu ba ce,
daga Faransa ta haye ruwa a bakin mayaƙa,
ma'anarta mai yanka,
don a wurinsu gwanin tufa shi ne mai riƙe almakashi.
Ƙauye ɗaya, maza biyar, sunan yanka ɗaya,
mai karɓar haraji kuwa ba ya son ruɗani,
sai ya rubuta: wannan na maƙera,
wancan na wurin niƙa,
na ƙarshen layi mai yankan ƙyalle.
Tawada ta bushe.
Uba ya mutu, ɗa ya gaji kira,
jika ya sayar da almakashin,
wani can ƙasa ya hau jirgin ruwa
ya zo yana yanka tudunmu maimakon yadi.
Ga ramukan nan har yau cike da ruwa,
ba wanda ya ɗinke.

Na yi shiru.
Maɗinki muke cewa kafin su zo.
Da kalmarsu ta shigo hannunmu ta yi mana tsawo,
muka ɗage mata ƙafa, muka rage ƙugu,
ta zama tela, ta zauna daram,
har wani zai rantse a nan aka yanke mata cibi.

To wa zan yi wa dariya?
Alhaji Barau Mai Gishiri na layinmu taya yake sayarwa.
Likitan da ya duba min ido Maƙeri ne,
hannunsa kuwa kamar auduga.
Ke ma, na ce, me kika rubuta a takardar jami'a?
Ta sunkuyar da kai tana murmushi:
Zulaihatu Tela.
Ita da ke karatun haɗa magani,
ita da tafin keken ɗinkina ke sa wa ciwon kai.

Muka gangaro Dilimi hadari na bin mu a baya.
Ta miƙo min makullin, haƙoransa kore shar.
Na buɗe shago, ba wuta.
Na ɗauko almakashin Jatau daga ƙusa,
na duba kantar da ya bar min a babban yatsa,
na shimfiɗa shadda,
na yanka.