Ludayin Inna Tabawa

Tun da ɓarin jikinta ya shanye,
ranar da aka gama noman firi,
Inna Tabawa ta daina shan ruwa daga la'asar.
In na kai moɗa sai ta juya bango.
"Ba na jin ƙishi, Hansai."
Leɓenta kuwa ya dare kamar fadama a bazara.

Na san abin da take gudu.
Tabarma uku a kan danga,
zani biyar a igiya,
maƙwabta na ƙirgawa, ba sa cewa komai.
Ungozomar da ta yanke cibiyar rabin garin nan
yau ita ke rufe fuska da gefen mayafi
in na ɗaga ƙugunta.

A asibitin Jahun na gani da idona:
namiji kwalba ake miƙa masa, a kau da kai.
Mace sai tasa mai sanyin ƙarfe,
sai mutum biyu, a ɗaga, ya zube,
gyambo ya ci gadon baya.
Wanda ya ƙera tasar nan
bai yi jinyar uwarsa ba.

Ina damun fura dabara ta zo.
Nono ya bi kwarin mariƙin ludayi
ya ɗigo mini a gwiwar hannu.
Na tsaya kallo har ƙuda ya sauka.

Mati mai gyartai ya yi dariya a kasuwar Gujungu,
sannan ya yi shiru, ya jawo wuƙa.
Ya feƙe duma, ya bar wuyan bai tsaga ba.
Na farko ya yi faɗi.
Na biyu ya kurje ta, na yi kuka a bayan ɗaki.
Na uku muka naɗe bakinsa da robar tayar keke,
muka zura tiyo a wuyan
ya gangara jarka ƙarƙashin gado.
Ladingo ta ɗakin shan magani ta ce duma na riƙe wari,
ta zana shi a takarda, za ta nemi mai zuba na roba a Kano.
Kafin nan, ruwan zafi da toka da rana.

Daren farko ban runtsa ba,
kunnena na ƙarƙashin gado.
Gab da asuba na ji shi, ɗis, ɗis, sannan siriri.
Na shafa zaninta. Busasshe.

Na yi mata alwala, ta yi sallarta a kwance.

Da la'asar ina tankaɗe
ta kira ni da muryar da na manta:
"Ke Hansai, randar ce ta fashe?
Ciko moɗar."