Kogin da Ilu Ya Nuna Mini

Ni mai gyaran lagireto ne a bakin tashar jirgin ƙasa,
nan Ngaundere, inda tireloli ke lodin kayan Chadi.
Shekara arba'in ina narka dalma,
ina toshe ɓula, ina sauraron ruwa yana tafasa cikin ƙarfe.
Ƙanena kuwa Farfesa ne a Dang.
Ni dai Ilu na sani.

Tun yana yaro haka yake.
Iya ta aike shi ɗebo ruwa,
sai a tarar da shi durƙushe gaban randa
yana kallon gumin da ya tsattsafo a jikinta
har miyar dare ta kama.
Ya sha dundu a kan wannan.

Ya tafi Yawunde, daga can ya haye teku.
Shekara tara sai wasiƙa.
Da ya dawo bai zo da mota ba,
akwati biyu ya sauke,
cike da madubai naɗe cikin rigunan sanyi,
ya hana ɗan dako taɓawa.

Sau ɗaya na shiga ɗakin bincikensa.
Sun rufe tagogi da baƙin ƙyalle.
Aka ce in cire takalmi,
kada in jingina da tebur, ko tari girgiza shi yake.
Wani koren haske, siriri kamar zaren ɗinki,
ya ratsa gilashin da bai fi farce ba.
Ilu ya ce, "Yaya, sa idonka nan."

Na sa.
Sai ga kogi.
Hanyar ba ta kai kaurin gashin gira ba,
amma ga gaɓa biyu, ga tsakiya tana gudu,
ga gefe yana jan ƙafa kamar Vina da rani.
Wasu ƙwayoyi masu ƙyalli suna bin ruwan,
inda zafi ya yi yawa su dushe,
inda ya huce su farfaɗo.
"Su ne 'yan rahotonmu," in ji shi.
"Ma'aunin zafi ya fi ƙofar girma."

Na ce, ashe lagireto ne ka ƙanƙantar.
Ya yi dariya har ya bugi teburin.
Ɗalibarsa Asabe ta dafe kai:
awon kwana uku ya tafi.

Ba komai ne ya tafi daidai ba.
Akwai shekarar da wuta ta dawo da ƙarfi
ta ƙona fitilar, suka jira wata damina biyu.
Akwai takardar da aka maido masa sau huɗu.
Akwai idonsa na hagu
da yanzu ba ya ganin lambar waya.
Bai taɓa ce mini hasken ne ya ci shi ba,
ni ma ban tambaya ba.

Jiya aka yi masa walimar ajiye aiki.
Aka jero ɗalibai: wannan tana Marwa, wancan Njamena,
wani yana sanyaya cikin na'urori
a ƙasar da harshena ya kasa sunanta.
Aka yi ta tafi.
Na yi gyangyaɗi a jawabi na uku.

Yau da hantsi sai ga shi a rumfata
da babbar riga, ya zauna kan tsohuwar taya.
Wata tirela ta yi zafi a hawan Mbe, an jawo ta.
Na kwance lagireton, na ɗura masa ruwan zafi.
Ilu ya miƙe, ya naɗe hannun riga,
ya bi layukan da tafin hannu,
a hankali, ido rufe,
ya tsaya a na goma sha ɗaya.
"Nan da sanyi. Nan ya toshe."

Ni na sani tun kafin ya taɓa.
Na dai miƙa masa wayar zurawa,
na matsa gefe,
na ce, "Farfesa, bismilla."