Gindin Bututu

Daren Talata marka ta sauka Ƙofar Marusa,
ta bi gindin bututun hayaƙi
ta iske buhun fulawa biyu.
Kafin asuba ƙullu ya kwaɓa kansa.

Barau mai gidan burodi ya ce kwanon ne ya tsufa.
Na kafa tsani, na tuɓe takalma,
na bi layin ƙusa, don nan katako yake.
Kwano lafiya lau.
Ɓarnar na inda ƙarfe ya haɗu da bulo:
zafi ya buɗa, sanyi ya tsuke,
shekara bakwai suna wannan gardama
har kwalta ta gaji ta tsage.

Na kankare tsatsa da guntuwar wuƙa,
na yanko falle na ɗaura wa bututu kamar zane,
na sama bisa na ƙasa,
tunda ruwa ba ya hawa tudu.
Mati na miƙo kwalta a gwangwanin madara,
yana hura yatsu.

Gabas ta haɗe rai.
"Ka gama?" in ji Barau.
Na ce ba ni zan faɗa ba.

Muka zauna daidai wurin,
burodi da zafinsa a hannu,
busasshiyar tasa a tsakaninmu,
muna saurare.